Aljanin da ke shan ruwan basan ɗinmu

Jama'a, yau na kamo aljani da hannuna!

Kun san basan ɗin simintin da muke tara ruwa a gida? Sati uku ke nan, mu cika shi, kwana biyu ya koma rabi. Da safen nan sai ga Yaya Mamman, wan maigidana, da igiya a hannu. Ya ce: "Aljani ne ke shanye ruwan. Baƙar akuyarki za a yanka mashi."

Na ce: "Akuyata? Mai ciki? Wallahi Yaya, ba ta zuwa ko'ina!"

Ya ce: "To, ki shiga ki tambaye shi da kanki."

Ai kau na ɗaure zane, na kwashe sauran ruwan, na kafa tsani na sauka. Maƙwabta na ta salati. Ina share laka sai na ci karo da saiwar dogon yaron tsakar gida, kaurin hannuna. Ta fasa siminti ta shigo!

Na sare ta da gatari, na fito, na aje mashi a gaba.

Na ce: "Ga aljaninka, Yaya. In nama yake so, ai kana da rago."