Akwatin Matar Akawu

Ranar wata Juma'a da hantsi, a ƙarshen daminar shekarar da nake aji biyar a firamare, Baba ya shiga ɗakin Kaka don ya matsar da akwatin Matar Akawu daga inda rufi yake yoyo. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ni kaɗai na san abin da na aikata. Baba ya sunkuya, ya yi bismilla, ya ɗaga. Akwatin ya taso sakayau kamar ƙwarya, amma gindinsa ya zauna a kan duwatsu. Jar ƙasa ta zubo, 'yan kwalabe suka gangaro suna ƙara, gara ta watse tana neman maɓoya. Kaka ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire mayafinta ta rufe kayan, ta juya fuska ga bango, ta ce kada wanda ya kalla sai an kira shaidu.

Akwatin nan ya girmi Baba. Tun zamanin Turawa, lokacin Kaka tana amarya a Batsari, akwai wani akawu mutumin Kudu da yake awon gyaɗa a kantin kamfani. Matarsa takan sayi fura a wurin Kaka, har suka ƙulla ƙawance, Hausa rabi nuni da hannu rabi. A gidanta Kaka ta fara kurɓar shayi, ta tofar, ta ce wannan ai jiƙo ne aka lalata da sukari. Matar tana da jariri mai yawan kuka, wanda take ɗura wa wani farin magani da cokali in cikinsa ya kumbura. Wata rana ciwo ya tsananta, za su kai shi asibiti a Katsina, sai ta zo da akwatin katako, irin wanda ake kawo ganyen shayi a ciki, an buga masa ƙusoshi. Ta ce, "Ajiye mini, ina zuwa." Ba ta dawo ba, mijin ma ba a sake ganinsa ba. Kaka ba ta san sunanta ba balle garinsu, Matar Akawu kawai ake ce mata. Da Kaka da mijinta suka koma noma a wajen Wagini, jaki guda aka ware wa akwatin, gadonta kuwa aka bari sai daga baya.

Ni aka ɗora wa hidimarsa tun ina shekara bakwai, wai don ni ce mai ƙananan hannuwa. Akwatin yana zaune a kan duwatsu huɗu a kusurwar ɗaki. Kowace Juma'a, kafin in tafi makaranta, sai in kwanta rub da ciki in share ƙarƙashinsa, in kwashe tsohuwar toka, in barbaɗa sabuwa daga murhu, in shimfiɗa ganyen bedi, sannan in ƙwanƙwasa kowane gefe Kaka tana saurare da kunnenta mai kyau. Ina fitowa fara fat kamar an tono ni, 'yan ajinmu suna kirana uwar toka. Sau nawa na sha bulalar makara saboda kayan matar da ko hotonta babu! Ni da nake son in zauna ƙarƙashin tsamiya in kalli gajimare yana zama raƙuma da tumaki, ga ni ina gadin katako. In na yi ƙunƙuni sai Kaka ta ce, "'Yar boko, gara ba ta sallama." Baba kansa ya gaji da roƙon a buɗe a ga ko akwai abin da zai nuna hanyar masu shi. Amsarta ɗaya ce kullum, sai ya karkaɗe rigarsa ya fita.

A daminar nan aka yi marka, ƙasa ta jiƙe har cikin ɗakuna. Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito da yawa, mu 'yan mata muna tara shi a kwano muna soyawa da gishiri, ga tsinkar tafasa a bayan gari, ga carafke a zauren maƙwabta in ruwa ya hana fita. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, ni kuwa na gano dabara. Sai in barbaɗa toka a gaba-gaba, iya inda take iya hange, in jera ganye uku huɗu don ado, in ƙwanƙwasa saman akwatin inda na san yana da ƙwari, in ce lafiya lau. Juma'a shida ina haka. Ina waje ina tauna shinge, 'yan uwansa suna ciki suna rama masa.

Shaidun da aka kira su ne Liman da hedimastanmu, wanda aka ɗauko daga ofis saboda Turanci. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka yaye mayafin, Kaka tana zaune ta ba kayan baya. Kwalabe uku ne na maganin jarirai, ruwan ya daɗe da bushewa, amma hoton wani ƙaton jariri yana nan yana dariya a jikin takardar. Akwai 'yar rigar saƙa da gara ta cinye hannunta ɗaya, da gwangwanin shayi a rufe gam, sai takardu a can ƙasa, inda ɓarnar ta fi yawa. Hedimasta ya ɗaga mafi girma a hankali, rana tana ratsa hujojinta. Ya ce takardar inshora ce, akawun ya yi wa ɗansa tanadi, in ta Allah ta kasance a kansa kamfani ya riƙe wa yaron amana har ya girma. Liman ya tambayi sunan yaron. Hedimasta ya nuna saman takardar, inda ake rubuta suna da gari, babu komai sai gefe mai kama da haƙoran zarto. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Wannan cin ai na bana ne."

Kuka ya ƙwace mini, amma ba na nadama kaɗai ba ne, har da haushi. Shekara hamsin da ɗoriya sunan yana kwance a kusurwar ɗaki, taku uku daga gadonta! Da an zare ƙusa huɗu tun Baba yana saurayi, da an rubuta wasiƙa, da wataƙila kaya sun koma hannun masu su. Na manta da Liman, na manta da hedimasta, na faɗa mata haka cikin shessheƙa. Baba ya daka mini tsawa, amma na ga shi ma abin da ke ransa ke nan. Kaka ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Cewa ta yi in ajiye, ba ta ce in leƙa ba." Liman ya yi gyaran murya, ya ce tunda abu ya kai haka, a buɗe gwangwanin, ko an dace da wata takarda a ciki. Nan ta juyo da sauri kamar yarinya. Ta ce akwati gara ta buɗe shi da ikon Allah, gwangwani kuwa a rufe aka ba ta, a rufe zai zauna. Hedimasta ya cire hularsa ya sosa kai. Baba ya tashi ya tafi gona ba tare da fartanya ba.

Na jira duka, bai zo ba. Washegari Kaka ta kira ni, ta ɗaure kayan a sabon ƙyalle, ta sa a tukunyar ƙarfe mai murfi, ta ce bayan ranta ni ce mai riƙo. Na ce a ba wani, ni da na yi ɓarna. Ta ce, "Wanda bai taɓa yin sakaci ba bai san ta inda gara ke shiga ba."

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa. Da zaman ƙauye ya gagara muka dawo Batsari, tukunyar na rungumo, littattafaina suka biyo baya. Yanzu mutum yana ɗaukar hoton takarda a waya, ya aika ƙasa ta gani kafin shayi ya huce. Na yi hakan, ba wanda ya amsa. Jaririn nan, in yana raye, ya girmi Baba. Gwangwanin yana nan, in na girgiza shi ina jin wani abu yana motsi wanda ba ganye ba ne. Ƙawayena sun ce in buɗe, ni ma na san su ne da gaskiya. Sau uku ina ɗauko wuƙa, sau uku ina mayar da ita, ina tsaki, ina jin haushin tsohuwar nan kamar tana zaune a gabana ta ba ni baya. Ran Juma'a kuma sai in tsinci kaina ina neman toka, a gidan da ake girki da gas.

Ashe ba tukunyar kaɗai ta bar mini ba.