Ƙalbi da Kalbi

Har yanzu nakan ruga ɗaki idan babur ya wuce ƙofar gidan da muke zaune a Kaura Namoda. In haka ta faru, tunanina kan gudu ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, inda Kaka ke hura wutar kara bayan magariba ta yi mana tatsuniya.

Wata shekara malamin Islamiyyarmu ya kafa doka: Larabci a aji, Larabci a gida. Ya ce ko Ibrananci ya daɗe kwance cikin littattafai, sai da yara suka riƙa magana da shi a tsakar gida ya tashi. Ƙanwata Hafsatu ta kama abin kamar wasa. Baba na dawowa daga gona za ta tare shi da “Ahlan ya Abi,” shi kuwa baki har kunne. Ni babba, ko kallo ban samu ba.

Ran nan na shirya. Na so in ce wa Baba shi ne ƙalbi, wato zuciyata. Bakina ya ce kalbi, karena. Baba ya ƙyalƙyale, Hafsatu har da hawaye. Daga ranar na kulle baki, ko gaisuwarta ba na amsawa.

Kaka ta lura. “Ke Balkisu, mi kika kumbura haka kamar hwanke? Matso nan.” Ta ba mu labarin kurciya da kanari da suka tafi koyon waƙa. Kanari na rerawa ko daidai ko ba daidai ba. Kurciya tana jin haushinta, ta ce sai ta iya duka za ta buɗe baki. Ta yi ta haɗiye waƙar har ta maƙale mata a wuya. “Shi ya sa har yau kuka guda gare ta. Kin jiya?” Na ce ni ba kurciya ba ce. Ta ce, “To wa ya kira sunanki?”

Bara ’yan bindiga suka shigo garinmu a kan babura, suka tafi da mutane, har da Hafsatu. Bayan wata biyu ta dawo, amma ba ta magana, ko da Hausa. Yanzu ni ke zama kusa da ita ina yi mata karyayyen Larabcina. Shekaranjiya na nuna littafi na ce, “Hazihi kitab.” Ta ɗago kai, murya can ƙasa, ta gyara min kuskurena, ta ce, “Haza.”

Wallahi sai da haushin nan na da ya taso min. Sannan na fashe da kuka. Ban taɓa sanin mutum kan gode wa Allah don an fi shi ba.