Karen da Ya Fi Ni Jin Magana

Ni ɗan mafarauci ne daga Lambara. Tun ina ƙarami Allah Ya ba ni sa'ar karnuka: wanda ya gagari kowa, in ya kwana uku hannuna sai ya kwanta. Mahaifina kan ce, "Wanga yaro, dabba na jin maganarka, kai ba ka jin ta kowa." Dariya nake yi.

Bayan rasuwarsa na samu wani baƙin kwikwiyo, na sa masa suna Duna. Na koya masa fito iri uku: na tafi, na tsaya, na dawo. Wata rana ya kamo zabuwar maƙwabcinmu. Na duba gabas da yamma, ba kowa, na yanka na gasa. Da mai ita ya zo cigiya, har na taya shi nema. Daga nan sai ɗan akuya. Daga baya na koya wa Duna ware rago daga garke ya koro shi cikin kwari, inda nake jira da babur. Ranar Juma'a nake aikina, lokacin da maza suka tafi masallaci. Ina jin kiran salla ina ɗaure ƙafafun ragon mutane.

Ban taɓa samun natsuwa ba. Ko babur ya tsaya ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi. Na ci kuɗin ragunan da na sayar, amma ko riga ta kirki ban ajiye ba.

Makiyayan Kajiji suka gaji, suka yi kwanto suka kama Duna, ni na tsere. Ba su kashe shi nan take ba. Ranar kasuwar Bodinga suka zo da shi tare da 'yan sintiri, suka kwance igiyar. Ina zaune wurin mai shayi na hango shi yana ratsa mutane. Na kau da kai. Ya zo ya kwanta a ƙafata yana kallon fuskata, yana jiran umarni. Wani dattijon Bafulatani ya ce, "Ba sai ka yi magana ba, shi ya yi." A gabana suka kashe shi, bai gudu ba, don ban ce masa ya gudu ba.

Alƙali ya ɗaure ni shekara biyu a Sakkwato. Watannin farko ba na iya zama wuri ɗaya, daga wannan bango zuwa wancan. Wani malami da ke zuwa karantar da mu ya lura da ni, ya tambayi laifina, na faɗa masa duka. Ya ce, "To, ƙaƙa kake gane kare ya horu?" Na ce, "Malam, in ya kama nama yana jin yunwa bai ci ba, ya kawo ma ubangidansa. Ko zomo ya gilma, idonsa na kanka har ka ba shi izini." Malam ya ce, "Kai mi ka ba shi? Tsakin dawa da ƙashi. Wanda Ya ba ka rai da ido da hannu Yana kiranka sau biyar kullum. Sau nawa ka waiga?"

Na tashi na yi alwala.

Yanzu ina ƙwadago a gonar albasa a Dingyaɗi. Na je Kajiji na durƙusa gaban waɗanda na cuta. Wasu sun yafe, wani ya tashi ya bar ni durƙushe, kuma ban ga laifinsa ba. Har gobe in na ga rago ya ware daga garke, zuciyata na motsi, sai in yi ta istigfari har ya wuce.

Samari, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. In zuciyarku ta ce "ba mai gani," ku tsaya cak, kada ku ƙara taku ɗaya. In an kira salla, ku ajiye abin da ke hannunku tun ladan bai rufe baki ba. Cikin wata uku na koya wa dabba jin magana. Ni kuwa sai da aka kulle ni shekara biyu kafin na ji ta Wanda Ya halicce ni.