Takin Bayan Mayanka

Har yau a Morai idan aka tayar da zancen ƙafar Baba, cewa ake yi sammu ne. Wai wani ya binne masa allura a gona. Wasu har sunan mai binnewar suke da shi, maƙwabcinmu na gona da suka taɓa sa-in-sa da Baba a kan iyaka. Ba sammu ba ne. Baba da kansa ya sa aka kawo allurar nan, a cikin tifa, da rana tsaka, yana ta sa wa direba albarka.

Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, manoman wajenmu sukan nemi ƙasar juji daga Mafara. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, shanunmu kuma an sayar tun ina aji biyu na sakandare. Sai a yi magana da mai tifa, ya kwaso sharar da ta daɗe ta ruɓe, ya jibge tsibi-tsibi a gona. Jujin da kowa ke rububi shi ne na bayan mayanka, saboda nan mahauta ke zubar da abin cikin tumbi da jini. Ƙasarsa baƙa ce wuluk, da ɗumi. Baba yakan damƙo ta ya shinshina, ya ce, "Wanga taki ya hi na buhu, ko mi malaman gona sunka ce."

Abin da ba mu lissafa ba shi ne jujin ba na mahauta ba ne su kaɗai. Akwai masu kemis a layin, akwai masu maganin dabbobi, kuma kowa abin da ya gama da shi can yake watsawa.

Baba ba ya baza taki da takalmi. Ya ce da tafin ƙafa yake gane inda ya yi kauri da inda bai samu ba. Tsibi biyu ya baza, a na uku ya taka allurar. Ya zare ta da hannunsa, ya soke ta a hularsa, ya ƙarasa aikin yinin yana ɗingishi. Da ya dawo ya nuna wa Inna. Kan sirinji ne, da 'yar robarsa shuɗiya, ya yi tsatsa.

Na ce, "Baba, wannan ta asibiti ce. Mu tafi a duba ka."

Kawu, yayan Inna, yana zaune yana shan fura. Ya karɓi allurar ya jujjuya ta. "Ke dai da karatunki. Mi ka kai allura tsakiyar gona in ba hannun mutum ba?"

"Tifa, Kawu. Tifa ta kai ta."

Inna ta harare ni. "Ruhe muna baki, manya na magana."

Na rufe. Wannan shirun shi ne abin da na kasa yafe wa kaina. Ni da kowa ya san ni da baki, ranar da bakin zai yi amfani sai na haɗiye shi.

Aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Wanzami ya zo ya yi tsaga, baƙin jini ya fita, aka ce ga mugun abin nan yana fita. Ƙafa ta kumbura har ƙwauri. Baba ya daina gaisawa da maƙwabcinmu, har ranar da ya zo dubiya da kankana aka bar shi tsaye a zaure. Sai da ɗakin ya fara wari, Inna ta riƙa kunna turare ba don baƙi ba, sannan Kawu ya yarda aka ɗauko mota.

A asibiti likita ya buɗe tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce Baba yana da ciwon suga bai sani ba, ga datti ya shiga ciki ya zauna. An yanke yatsu uku da gefen ƙafar. Baba ya dawo gida da sanda, ya zauna a kan tabarma, ya daina tambayar ko gabas ta yi hadari.

Ni kuwa zama bai karɓe ni ba. Ranar kasuwa na hau babur na tafi na ga jujin da idona. Ban yi wani tono ba. Da tsinken kara na ɗaga leda ɗaya: sirinji, robar ƙarin ruwa, auduga mai jini, fasassun kwalaben allura. Awaki suna kiwo a kai. Wata tifar tana lodi a gefe, za ta kai wa wani uban.

Aka nuna mini wani ofishi da aka ce su ke kula da shara. Na tarar da dattijo shi kaɗai, fanka ba ta juyawa. Ya ja gaisuwa, ina gida, ina gajiya, ya zafi, ya mutanen Morai, ni kuwa duk na ƙagu. Da na samu ya numfasa, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Ɗiyata, doka akwai ta. Allurar da anka yi aiki da ita akwati gare ta na musamman, kuma ana ƙone ta a wurin da anka tanada."

"To masu kemis ina nasu akwatin?"

"Mai kemis ba a ba shi izinin yin allura ba."

"Amma yana yi, yallaɓai. Ni ma can aka yi mini ta zazzaɓi."

"Na sani. Ni ma can. Amma tunda a takarda ba shi yin allura, a takarda ba shi da allurar zubarwa. Wa za ni ba akwati?"

Ya ƙara da cewa jujin ma ba wurin zubar da shara ba ne da hukuma ta sani, mutane ne suka mai da shi haka. Kwasar shara a kai gona kuwa, in za a bi ƙa'ida, ita ma ba a yarda da ita ba.

Na ce, "Wato Baba ne mai laihi ke nan."

"Ban ce ba. Allah Shi ba shi lahiya." Ya buɗe hannuwa. "In da za a kawo abin a gani, sai in samu abin rubuta wa manya a sama. Magana kawai ba ta hawa takarda."

Ba mugu ba ne, wannan ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na zazzaga masa na huce.

Na dawo na tarar da abin da ke jiranmu. Tsibi huɗu na nan a gona ba a baza ba. In ba a baza ba, gero ba zai yi ba, ƙasar ta gaji, kowa ya sani. In gero bai yi ba, ban san abin da za mu ci ba, don Baba ya gama noma, ko bai faɗa ba. Mu mata ne zalla a gidan, ni ce babba. 'Yan ƙwadago biyu da aka yi wa magana sun ƙi, ba don allura ba, don sun ji an ce gonar da sammu. Kawu ya ba da shawarar a yayyafa ruwan addu'a a kan tsibin sannan a baza. Inna ta ce ita za ta fita ta yi da hannunta, matar da rabonta da gona tun tana budurwa.

Na ce, "Inna, silifas za ki sa ki shiga?"

"To mi kika so a yi? A bar shi ruwa ya tahi da shi?"

Kwana biyu ina juya abin. Jiya da la'asar iska ta taso daga gabas da ƙamshin ƙasa, na ga Baba ya ɗaga kai ya shaƙa, ya mai da kansa ƙasa.

Yau da safe na je wurin magini na aro rariyar da yake tace yashi da ita. Ɗan gwaggona mai noman shinkafa a Bakura zai aiko mini da takalminsa na roba mai dogon wuya, ya yi mini yawa, zan cusa tsumma. Gobe in Allah Ya kai mu zan fara da tsibin da Baba ya bari, shebur ɗaya bayan ɗaya, ba zan sa hannu ba. Ƙasar da ta wuce rariya ta gona ce. Abin da ya tsaya a sama zan zuba a jarka mai murfi, in ta cika in ɗaure ta a bayan babur in kai wa dattijon nan, in zauna a ofishinsa har ya rubuta.