Littafin da Na Ɗinka a Jerin Bayahude

Ni baduku ne, a Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka yanke mini cibiya, amma rumfata a kasuwar Sennar take. A dama da ni akwai Bayahude mai sayar da yadi, a hagu kuma Kirista ɗan asalin Masar mai gyaran agogo. Butar jabana ɗaya muke sha mu uku, wato kofi mai citta, kuma ba a taɓa gama ta ba tare da gardama ba.

Wata damina mai agogo ya kawo mini littafin addininsu na Larabci, wanda uwarsa ta bar masa. Ruwa ya jiƙa shi, ɗinki ya saki, gara ta cinye gefen da lambobin shafi suke.

“Usta, shi kaɗai ya rage mini daga hannunta,” in ji shi, don a can usta ake kiran mai sana'ar hannu. “Ka ɗinke shi, ka yi masa bango na fata.” Ya hau lori ya tafi garin Madani biki.

To mu Alƙur'aninmu warwatse yake a gafaka, kalmar da ke gindin kowane shafi ita ke nuna na gaba. Na duba gindi, wayam! Sai na ce ai Attaura ta Yahudawa ce, ga mai ita nan a dama da ni, me zai sa in wahala?

Mai yadi ya saka tabarau, ya baje takardu a kan teburin awo. Kwana da kwanaki yana jerawa, har masu ciniki suna fushi. Ya fara da littattafai biyar na Annabi Musa, ya bi da annabawa, sannan Zabura da sauran rubuce-rubuce a ƙarshe. Wani tari ya rage, ya jujjuya shi ya ce, “Waɗannan ban san su ba, ba sa cikin namu.” Na haɗa su da Linjila na ajiye a baya. Na ɗinke tsaf, jar fata, aikin da har yau nake alfahari da shi.

Da mai agogo ya dawo ya buɗe, sai ya dafe kai.

“Wayyo! Wa ya kai annabawa tsakiya? A wurinmu su ne ƙarshe, daga su sai Linjila! Ina tarihi, ina Zabura? Kun mai da su baya kamar kayan da ba a saya ba!”

Mai yadi ko a jikinsa. “Mun riga ku karanta shi, ya zol, mutumina. Ku kuka sauya masa zama, har kuka yi ƙari.”

Ni kam raina ya ɓaci, na ce su biyun ba su da kirki, tun farko wa ya gaya mini Attaura iri biyu ce? Na yi alkawari zan warware in sake. Mai agogo ya ce a bari sai an gama cirar auduga, aiki ya yi sauƙi. Auduga ta wuce, wata ta zo. Kullum da jabana sai mai agogo ya ɗauko littafin ya nemi wuri ya rasa, ya zagi mai yadi, shi kuwa ya miƙa hannu ya buɗe masa nan take yana dariya. Wallahi ina kewar wannan hayaniya.

Sannan shekarun nan suka zo da Yahudawa suka yi ta barin Sudan. Mai yadi ya sayar da kaya, ya rungume mu, ya hau jirgin ƙasa. Ko wasiƙa ba mu samu ba.

Kasuwa ta yi mana shiru. Ran nan na ɗauki basilla da zare na shiga rumfar mai agogo, na ce, “Kawo, yau zan cika alkawari. Ka jera shi yadda uwarka ta san shi.”

Ya ɗauko littafin, ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya inda annabawa suke.

“Bar shi, usta,” ya ce. “Takardun nata ne, jerin nasa ne. In ka warware, shi ke nan ya tafi.”

Na mayar da basillata aljihu, na zuba mana kofi biyu.