Azumin Mijina a Shekarar Fara

Shekarar da fara ta sauka a ƙauyenmu, tsakanin Makarfi da Kudan, Turawa ke mulki, ni kuma ina goyon fari. Mu asalinmu Maguzawa ne. Mijina bai daɗe da karɓar addinin Almasihu ba, na bi shi ba tare da na gane komai sosai ba. Uwarsa kuwa ta ƙi. A gidansu kowace damina sai an yanka wa Uwar Gona zakara, a zuba mata jini, ita kuma ta tsare amfani. Da mijina ya hana a yi haka a gonarmu, tsohuwa ta daina amsa gaisuwarsa.

Gero ya fara ƙosawa ke nan labari ya zo daga wajen Ikara cewa fara na tafe. Ranar Lahadi mai wa'azinmu, wani dattijo mai sanyin murya, ya karanta mana labarin Annabi Yowel, wanda a zamaninsa fara ta cinye ƙasa, ya kira mutane su yi azumi su komo ga Allah da dukan zuciya. Mijina ya fito idonsa na ƙyalli. Shi a kansa ciniki ya ji: dā a ba da zakara a tsare gona, yanzu a ba da azumi. Abin da ya sani ke nan tun yana yaro, sunan kawai ya canza masa.

Dagaci ya aiko kowa ya fita da gwangwani da ganga, a tada hayaƙi. Mijina ya ɗauki azumi, ya shige ɗakin sujada ya durƙusa, ya ce fita gona rashin bangaskiya ne. Na yi roƙo, na yi faɗa, kamar da dutse nake magana. Ni kaɗai na je, da jariri a baya, ina dukan ƙwarya kamar mahaukaciya. Har yau ina jin ƙarar cin farar nan a kunnena. Waɗanda suka fita da yawa sun tsira da ɗan wani abu. Mu sai kara tsaye.

Da asuba raɓa ta yi wa farar nauyi, mata suka fita da buhuna suna kwasa, a dafa a shanya saboda gaba. Nan ma ya hana ni, wai bulalar Allah ce, ba a cin ta. Ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Da yunwa ta fara shigowa ya je ya tsare dattijon, ya ce an yaudare shi, ya biya ba a ba shi ba. Ina bakin ƙofa ina ji. Dattijon, wanda tasa gonar ma ta tafi, ya ce masa:

"Ɗana, lokacin da annabin ya yi kiran, fara ta riga ta gama da su. Allah ba zakara yake nema a wurinka ba, kai yake nema."

Na tsufa cikin wannan addini, kuma na yarda gaskiya ya faɗa. Amma da ma ya faɗe ta tun ranar Lahadin.

Nonona ya ƙafe, yaron ya koma sai ido. Mijina ya ɗauki ƙwarya ya tafi ƙofar uwarsa ya durƙusa. Ta cika masa ita da busasshiyar fara. Ya kawo ya ajiye a tsakaninmu, ya sunkuyar da kai ya yi addu'ar godiya, ya roƙi gafara, wannan karon bai nemi komai a madadi ba. Na daka farar, na dama, na ɗura wa yaron, amma ya riga ya kasa haɗiya.