Rubutun da ke bayan kalandar Maama

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Goggo Asta, ƙanwar mahaifina. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu ina aji biyu na babbar sakandare a Jimeta. Ban iya magana a cikin mutane ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta. Kuma ba kuka na zo yi ba. Wani saƙo ne ya iso gidanmu a makon jiya, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Bayan Goggo ta gama digirinta na uku, ta sami aikin bincike na 'yan shekaru a wata jami'a a ƙasar waje. A Mbamoi, inda gidan kakata Maama yake, Dakta ake ce mata, har mutane su kawo mata ciwon baya da na ido. Sai ta yi dariya ta ce ko allura ba ta iya ba. Aikinta a kwamfuta yake. Ta taɓa yi mini bayaninsa da zaren saƙa biyu, ja da fari. Ta ce kowane mutum yana ɗauke da zaren gado biyu-biyu a ƙwayoyin jikinsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kafin ya miƙa wa ɗansa, zaren sukan kwanta gefe da gefe, su tsinke a wasu wurare, su yi musayar guntaye. Shi ya sa ni da yayata muke uwa ɗaya uba ɗaya, amma hancinmu daban. Burinta ta koya wa kwamfuta kwaikwayon wannan musaya.

Kwamfutar kuwa ta ƙi. A jikin mai rai wuraren musayar kaɗan ne, kuma suna ba juna tazara. A allonta sai su cunkushe kamar keke-napep a bakin kasuwar Jimeta. Idan haka ta faru takan ciji murfin biro. Duk biron da ta bari akwai shaidar haƙoranta.

A hutunta na ƙarshe, wata safiya Maama ta gama kaɗa nono a gora, ta juye a ƙwarya, ta zuba ruwan sanyi. Ƙananan ɗigon mai suka taso. Goggo ta tsuguna tana kallo, ni kuma ina kallon Goggo. Maama tana juya ƙwaryar a hankali, manyan ɗigon suna haɗiye ƙananan da ke kusa da su, har suka rage ƙwaya uku ko huɗu, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Goggo ta miƙe da sauri har gyalenta ya faɗi. Ba ta sami takarda kusa ba, sai ta ciro kalandar mai sayar da taki da ke bango, ta juya bayanta, ta cika shi da lissafi da zane. Da ta gama ta mayar da ita kan ƙusa, don Maama ba ta son a taɓa mata kalanda. Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya kwantar da Goggo, ba ta tashi ba.

Abokiyar aikinta, Dakta Rifkatu, wadda iyayenta ke zaune a unguwar Karewa, ta zo ta'aziyya. Ta roƙi duk takardun Goggo don ta ƙarasa aikin. Aka ba ta littattafai da kwamfutar. Ina zaune a bakin ƙofa, kalandar tana saitin kanta. Ɗakin cike yake da manya. Na buɗe baki, na rufe. Ta tafi.

Shekara uku kalandar tana rataye. Sai Bappa Hammadu, yayan mahaifina, ya ce za a mayar da ɗakin da take ciki, wanda Goggo ke sauka idan ta zo hutu, ma'ajiyar masara. A gidanmu ba a zubar da takarda mai rubutu, don kada sunan Allah ya shiga shara, ƙonawa ake yi. Aka tara komai a tsakar gida, kalandar a sama. Bappa ya riga ya ƙyasta ashana lokacin da na ji muryata ta fito.

"Bappa, ban da wannan."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi sallama. "Tsohuwar kalanda ce, Dija. Me za ki yi da ita?"

"A juya bayanta."

Ya juya, ya daɗe yana kallo, ashanar ta mutu a hannunsa. "Hannun Asta ne," in ji shi. Ya naɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da Dakta Rifkatu ta zo gida Kirsimeti, mahaifiyata ta raka ni Karewa. Dakta Rifkatu ta shimfiɗa kalandar a tebur kusa da farantin cincin, ta karanta a tsaye. Ta ce wasu masana ma suna hasashen haka: akwai wani sinadari da ke taruwa ɗigo-ɗigo a jikin zaren, babban ɗigo ya cinye ƙanana, inda ya rage nan ake musayar. Amma yadda za a saka wannan a cikin tsarin Goggo, shi ne ya gagare ta, ga shi nan a rubuce. "Yarinyar nan, tun yaushe kika san da wannan?" Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ƙara mini cincin. Na fi son a ce faɗan ta yi.

Saƙon makon jiya nata ne. Aikin ya kammalu, za a buga shi, sunan Goggo ne a farko. Ta turo ɗan bidiyo: ɗigo-ɗigo a kan layi suna haɗuwa, suna barin tazara. Na kalle shi har cajin wayar mahaifiyata ya ƙare. Da aka nuna wa Maama, cewa ta yi da Fulatanci, tun tana budurwa take kaɗa nono, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Da Goggo tana nan, na san ba murnar za ta daɗe tana yi ba. Za ta ja kujera ta tambayi inda har yanzu kwamfutar ke kuskure. Za ta yi mamakin cewa a zangon nan malaminmu ya zana zaren nan biyu a allo, na gane su kafin ya faɗi sunansu. Shekara ukun da shiruna ya ci kuwa, ban san abin da za ta ce a kansu ba. Ina yawan tunaninsu.

An raba kayanta sadaka, ɗakinta ya cika da masara. Abin da ya rage shi ne aikin, kuma bai ƙare duka ba. A ƙasan kalandar ta rubuta tambaya ɗaya: me ya sa adadin musayar yake bambanta tsakanin mace da namiji? Dakta Rifkatu ta ce tsarin bai amsa wannan ba tukuna, kuma idan ina so, a hutun nan za ta fara koya mini yadda ake ba kwamfuta umarni. Sai da izinin Bappa. Mahaifiyata ta ce za ta yi masa magana. Na ce ta bari, jiya na je da kaina.